Igiyar Ƙasa da Kunkurun Bayan Ɗakin Kimiyya

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyena da abokaina tsofaffin ɗalibai, da ƙannena ɗaliban da ke zaune can baya, ina yi mana barka da wannan rana.

Lokacin da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce an ba ni minti ashirin in yi magana a kan aikina, sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka kuwa san aikin nawa?" Ya ce ai ya san ina Ma'aikatar Muhalli, zatonsa a kan dashen itatuwa zan yi bayani. Na ce masa a sashen namun daji nake, kuma abin da na fi sani a cikinsu shi ne maciji da kunkuru. Ya yi shiru can, sa'an nan ya ce to ba laifi, amma don Allah kada in zo da ko ɗaya a jaka. Na cika alkawari, Alhaji. Takardu ne kawai a cikin jakar.

Kafin in shiga bayani, ya kamata in faɗa muku abin da ya kai ni karanta ilmin dabbobi a jami'a, alhali mahaifina likita ya so in zama. 'Yan ajinmu da ke nan sun san labarin. A damanar 2003, muna aji biyu, aka fitar da mu gwale-gwale ranar wata Asabar, kowa da langalangarsa, mu yanke ciyawar bayan ɗakunan kwana. Wani abokinmu, ba zan ambaci sunansa ba, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu zai kwashe ciyawar da ya tara, sai muka ji ya ce wani abu ya soke shi. Muka duba, muka ga wani ɗan maciji mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo a jiki, wanda tsawonsa bai kai langalangar ba. Muka kashe shi muna dariya, muna cewa ai wannan jariri ne. Wani ya kawo robar tayar keke muka ɗaure masa dantse tamau. Aka ce a tsaga wurin jini ya fita, ni ne na ruga ɗaki na ɗauko reza, ni ne kuma na tsaga. Da yamma aka kai shi gida, a gida aka kai shi wurin mai magani. Ranar farko yana hira yana cin abinci. Rana ta biyu dasashinsa ya fara zubar da jini, tsagar da na yi masa kuwa ba ta daina ɗiga ba tun daga ranar Asabar ɗin. Sai a rana ta huɗu aka kai shi asibiti, a ta biyar ya cika. Kwana ya ƙare, haka ne, ba mai ja da ikon Allah. Amma na yi shekara da shekaru kafin in san cewa duk abin da muka yi masa a ranar nan, in ka ɗauke ɗaukarsa da muka yi, kuskure ne.

Macijin nan shi ne kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ba jaririya ba ce, iyakar girmanta ke nan, da wuya ta wuce santimita 60, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori. A duk faɗin ƙasar nan ba macijin da ya kai ta kisa. Dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, don haka mutum zai ga kamar ya warke, alhali jini na tsiyaya a cikinsa, a hanji ko a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tsaga wurin da ta sara buɗe wa jini ƙofa ne kurum. Likitoci sun kiyasta cewa a cikin mutum goma da ta sara ba su sami allura ba, ɗaya zuwa biyu kan rasu. In an yi allurar da ta dace a kan lokaci kuwa, kusan duka sukan tashi. Tana da wata al'ada da ya kamata kowane ɗan manomi ya sani: in ta ji tsoro takan naɗe jikinta ta riƙa goga ɓawon jikin da juna, sai ka ji wata ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. In ka ji wannan a gona, ja da baya, kada ka tsaya neman inda take.

Bayan ita sai kasa, gajera mai kauri, wadda ake yi wa mai nauyin barci kirari da ita. Gaskiyar magana ba barci take yi ba, kwanton ɓauna take yi wa ɓeraye a bakin hanya, kuma ta dogara da kalar jikinta ta ɓoye ta, don haka ba ta gudu in ta ji tafiyar mutum. Yawancin wanda ta sara taka ta ya yi. Dafinta kumburi yake sawa, nama ya ruɓe, har a kai ga yanke ƙafa. Ita ba ta yin ƙwai a waje, 'ya'ya take haifa da rai, ashirin, talatin ko fiye a ciki ɗaya. Sai kuma gamsheƙa ko kumurci, sunan ya danganta da garinku, mai fasa kai. Akwai irin da ke feshin dafi daga nisan kamar mita biyu, kuma ido yake nema. Maganin wannan na farko yana cikin randar kowa: a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa nan take, ba tare da murzawa ba, sa'an nan a tafi asibiti. Shi ne kuma wanda ke shiga ɗaki da dare yana bin ɓera ko kwaɗo, ya sari mai barci a tabarma. Wani irin kumurcin kuma dafinsa jijiya yake kamawa, fatar ido ta fara sauka kamar mai jin barci, daga nan haɗiya ta gagara, sai numfashi.

Waɗannan ukun su ne masu kai mutanenmu asibiti da kushewa. A duniya akwai macizai iri wajen 4,000, masu dafi kamar 600 ne, waɗanda kuma ke da haɗarin gaske ga ɗan Adam ba su fi 200 ba. Mesa, duk da girmanta da kwarjininta, ba ta da dafi ko kaɗan, matsewa take yi. Wani abin sha'awa game da ita, in ta yi ƙwai takan naɗe su ta kwanta a kai har su ƙyanƙyashe. Da yawa daga ƙananan macizan da muke rafkewa a gida da gona ba su da abin da za su yi wa mutum.

Bari in ɗan gyara wasu abubuwa da muka taso muna ji. Maciji ba shi da kunne a waje, motsin ƙasa yake ji ta ƙashin muƙamuƙinsa, saboda haka mai tafiya yana buga sanda ya fi mai tafiya yana waƙa tsira. Harshen da yake zarowa ba da shi yake sara ba, da shi yake shinshina: yana ɗebo ƙamshin abin da ke iska ya kai wasu ramuka biyu a ganɗarsa. Ba ya harbi da wutsiya. Ba ya ƙifta ido domin ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, shi ma yana fita tare da saɓa in ya yi. Jikinsa ba ya samar da ɗumi kamar namu, shi ya sa da hunturu yake neman tsibin kara da ƙarƙashin dami, da bazara kuma yake neman gindin randa da makewayi. Ko macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda tarihi ya ce ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, in ka tambaye ni a matsayin ma'aikacin daji sai in ce ya san inda sanyi da kwaɗi suke. Muƙamuƙinsa na ƙasa ba a haɗe yake a gaba ba, don haka yakan haɗiye abin da ya fi kansa girma, kamar ƙwai ko gafiya. Amma a iya karatuna ban ga inda yake haɗiyar kuɗi ba, in ban da wanda aka ce ya lamushe naira miliyan 36 a wani ofis a Makurɗi cikin 2018. Wannan mu ma'aikatan gwamnati mun fi masana dabbobi sanin irinsa.

To, ƙannena ɗalibai, ku buɗe kunnuwanku a nan, domin saboda ku na karɓi wannan gayyata. In maciji ya sari ɗayanku, ku janye shi daga wurin, ku kwantar masa da hankali, ku cire masa zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya zo. Ku sa wa hannun ko ƙafar karan ɗori kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa, ɗaukarsa za a yi, in yana amai a kwantar da shi ta gefe. Ba ɗauri da roba, ba tsaga, ba tsotsa da baki, ba ƙaho, ba baƙin dutse, ba kalanzir. In kun tarar an riga an ɗaure, ku bar ma'aikatan asibiti su kwance da kansu. In zafi ya dame shi a ba shi farasitamol kaɗai, kada a ba shi asfirin ko irin magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, domin suna ƙara tsinka jini. Kada kowa ya tsaya farautar macijin. In an ɗauki hotonsa da waya daga nesa, madalla, in ba a samu ba likita zai gane daga alamomi. Wanda aka kashe ma kada a taɓa kansa, yana iya sara bayan an datse shi. Sa'an nan a nufi asibiti a ranar, ko da mai ciwon ya rantse ba ya jin komai.

Na san akwai mai cewa a garinsu akwai mai magani wanda bai taɓa rasa mutum ba. Ba na zagin kowa, wasunsu iyayenmu ne. Amma ku lura, sara da yawa na macijin da ba shi da dafi ne, wani lokacin kuma mai dafin ma yakan sara bai zuba ba. Duk waɗannan za su warke ko an ba su ruwan randa. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai kuwa shi ne ake sallamowa a rana ta huɗu, ya je ya mutu a asibiti, sai a ce asibiti ne ya kashe shi. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi wanda Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi amfani da shi tun suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970: a ɗebi ɗan jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, allura ake bukata.

Allurar makarin dafi ana samun ta ne daga jinin doki ko tunkiya da aka riƙa sa wa dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba yaƙarsa. Wato sai an sami maciji mai rai an tatse shi kafin a sami magani, kuma dole ya zama irin macijin ƙasar da za a yi aiki da maganin. An tura macizan Nijeriya zuwa Liverpool ta Ingila aka tatsi dafinsu, aka haɗa EchiTAb-G a Birtaniya da EchiTAb-Plus a ƙasar Kosta Rika, aka gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo ta Jihar Gombe, sakamakon ya fito a 2010. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya kuwa, ko da an zana kububuwa a kwalinta, ba lalle ta yi aiki a nan ba. Wani rahoto na 2008 daga wani asibitin karkara a Gana ya nuna mace-mace sun tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa kashi 12 bayan an koma irin wannan allura mai araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Sakacin ba abin mamaki ba ne. Ciwo ne na mai fartanya da mai sanda, ba ya hawa bene.

Yanzu wani zai ce, to duk da wannan ɓarna, me ya sa gwamnati ke biyan ka albashi don ka kare maciji? Ni ban ce a bar gamsheƙa a ɗakin yara ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ka gani a daji yana harkarsa, ka ba shi hanya, domin mutane da yawa garin kisa ake saran su. Abincin macizai ɓeraye ne, ɓerayen nan kuwa su ne masu shiga rumbu, a cikinsu kuma akwai mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Kaftofiril, maganin hawan jini da na tabbata wasu iyayenmu a wannan zaure sun taɓa sha, daga binciken dafin wani macijin Barazil aka samo shi. Mesa kuwa majema da masu jaka da takalmi sun rage ta ƙwarai a wurare da dama. Akwai dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wato Doka ta 11 ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, amma mu da muke aikin mun san yawan ma'aikata da motocin da ake da su. A nan zan tsaya, don ina son in kai fansho lafiya.

Na ji a rahoton kwamitin ayyuka an kawo shawarar a banka wa dajin bayan ɗakunan kwana wuta da kaka, saboda ɗalibin da aka sara bara, wanda Allah ya sa ya tashi. Ranku ya daɗe, ina roƙo a sake dubawa. Wuta ba ta ƙarar da maciji, rami yake shiga, wanda bai sami rami ba kuma ya nufo gini. Abin da zai yi aiki shi ne a nome ciyawa ƙasa-ƙasa kewaye da ɗakuna, a kwashe tsibin bulo da itace da tsofaffin gadaje, a toshe ramuka da ƙasan ƙofofi, a daina zubar da ragowar gabza a bayan taga domin ita ke tara ɓera, ɓera kuma ya jawo mai cinsa. A sa fitila a hanyar makewayi. Kowane ɗalibi ya kwana a gado cikin gidan sauro da aka cusa ƙarƙashin katifa. Duk wanda za a tura yankan ciyawa a ba shi takalmin roba mai tsawo, ya kuma kwashe ciyawa da manjagara. Kuɗin da muka ware na fentin ƙofar shiga zai sayi takalman aji guda har da canji. Sa'an nan shugaban makaranta ya san, tun kafin ranar bukata, asibitin da ke da allurar a kusa da lambar wanda za a kira, domin an sha samun yankewarta har a Kaltungo.

Wutar nan kuma wanda take kashewa da gaske shi ne kunkuru, don shi ba ya iya gudu. Da wannan na zo kan Baba Sajan. Ga waɗanda suka manta, shi ne ƙaton kunkurun da ke bayan ɗakin kimiyya, wanda muka tarar, yayyenmu ma suka ce tarar da shi suka yi. Irinsa shi ne na uku a girma a duk kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra, kuma ɗan asalin yankinmu ne, daga Senigal, Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Cadi har zuwa Sudan da Habasha. Namiji kan kai nauyin buhun masara. Yana haƙa rami mai zurfin mitoci ya shige lokacin zafi, wasu ƙananan dabbobi su raɓu da shi a ciki, iri-irin ciyawar da ya ci kuma ya shuka su da kashinsa a wani wuri. Mace kan binne ƙwai 15 zuwa 30, kuma zafin ƙasar ne ke sa 'ya'yan su fito maza ko mata, in zafi ya yi yawa mata su rinjaya. Sai ya haura shekara goma kafin ya fara haihuwa, saboda haka duk babba ɗaya da aka ɗauke daga daji an yi asarar da ba ta mayuwa da wuri. A yau yana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a daji, saboda kiwo da ya cinye ciyawa, da gobarar daji, da masu kama shi su sayar. Tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Abin takaici, 'yan'uwansa da ake kiwo a gidajen Amurka suna ta hayayyafa, mu kuwa nan na yi shekara tara ina aikin daji, sau biyu kacal na gan shi a inda Allah ya ajiye shi. A Senigal akwai wani wuri a ƙauyen Noflaye da ake tara waɗanda aka karɓo daga gidaje, har an mayar da wasu dajin Ferlo.

Yana da tsawon rai, amma ana ƙara gishiri. Na fadar Ogbomosho da ya mutu a 2019 an ce shekararsa 344, masana kuwa ba su yarda ba, domin irinsa da wuya ya wuce ɗari. Wanda aka fi amincewa da shekarunsa shi ne Jonathan na tsibirin Sant Helena, wani iri ne daban, an yi masa bikin shekara 190 a 2022.

Da safen nan na je na gaishe da Baba Sajan, na kuma ga abin da ya sosa mini rai. An huda gefen ƙoƙon bayansa an ɗaura masa sarƙa. Jama'a, ƙoƙon nan ba riga ba ce da ya sa. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki, yana jin zafi kamar yadda za ka ji in an huda maka ƙashi. Kada a huda, kada a shafa masa fenti. Abincinsa ciyawa ne da harawa da ganye, ɗan yaɗiya ko ganyen kabewa. Mu da muka riƙa ɗura masa gabza da wake da burodi, Allah ya yafe mana, su ne ke sa ƙoƙo ya yi tudu-tudu, ƙoda kuma ta lalace. Yana bukatar rana da safe, inuwa da rana, ƙasar da zai haƙa, da ruwa a faranti marar zurfi. Kada wani ya jefa shi a tafki da sunan taimako. Kififiya ce mai iyo, shi nutsewa zai yi. Wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Ina roƙon ƙungiya ta cire sarƙar nan ta yi masa ɗan shinge na bulo, a zurfafa harsashin don kada ya haƙa ya fice. Ni na ɗauki nauyin siminti buhu biyar, sakatare ya rubuta.

Wani abu kuma, mai girma shugaban taro. Namijin kunkuru cikinsa a lotse yake, wutsiyarsa doguwa. Ni da malamin kimiyya da ɗalibai biyu mun ɗan ɗaga Baba Sajan ɗazu mun leƙa. Cikin a shafe yake sumul, wutsiyar kuma 'yar guntuwa. Shekara fiye da talatin ke nan ɗaliban makarantar nan suna ce wa mace Baba. Na bar wa kwamiti ya zaɓa mata suna kafin a tashi taro.